Daɓen da Aka Fasa

Gudumar magini ta sauka a kan sabon daɓen, ya tsage kamar busasshen burodi. Tsohon direba yana tsaye a bakin taga, cizon leɓe kawai yake yi.

Daɓen bai daɗe da zubawa ba. Ya tashi daga ƙofar falo har bakin get, sumul kamar faranti. Amma leburori sun cika wa kwaɓin ruwa don ya yi musu sauƙin ja, rana ta dake shi, ba wanda ya jiƙa shi. Matar direban, wadda kowa ke kira Tela, ta sa bakin almakashi ta kankare wuri guda, yashi ya biyo. Ta ce a fasa.

"Ke, mota muke da ita?" in ji mijin. "Ƙafa ce za ta taka. Ko tankar mai kike jira?"

"Abin da ke marmashewa yau, baɗi rami ne, Baban yara."

Bai taɓa saninta da taurin kai a kan gini ba. Su biyu suka rage a gidan, yara duk sun yi nisa. Ita da ɗinkinta, shi da rediyonsa da gwiwarsa ta dama mai ciwo. Ko ɗinkin ma ta rage, ta lulluɓe keken da zane, wai zaren kasuwa ya lalace.

A zubi na biyu ta sa aka kawo mata kujera. Ta zauna ta ga an daddage ƙasa, an shimfiɗa rodi, an wanke tsakuwa. Lebura ya ɗauko bokiti zai ƙara ruwa, ta daka masa tsawar da ta sa ya saki. Sannan ta sa aka cire matakala biyun da ke ƙofar falo, aka yi gangare a wurin. Magini ya ja igiya ya gwada, ta ce ya yi tsaye da yawa, a ƙara masa tsawo.

Da aka gama, aka rufe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna. Magini ya ce siminti a hankali yake nuna, in ya bushe da wuri ƙarfinsa ya tafi. A ba shi ruwa safe da yamma, kada kowa ya taka. Aka jera katako ta gefe don wucewa.

Direba yana cikin mita ne ya ga magini ya shigo da tef ɗin awo. Ya auna ƙofar falo, ya auna ta ɗaki, ya tsaya a ta banɗaki yana girgiza kai. Washegari aka ɓalle ta aka faɗaɗa.

Nan jikin direba ya yi sanyi. A ƙarshen aikinsa ya ja motar ɗaukar marasa lafiya, ya san abin da ake faɗaɗa wa ƙofa, ya san abin da ba ya hawa matakala.

Sai ya tuna ranar da suka je asibiti saboda gwiwarsa. An duba shi, an rubuta magani, ya fito. Ita ta ce ya jira ta a benci, ta koma ciki. Ta daɗe. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce warin maganin wurin ne. Tun daga nan in babbar 'yarsu ta kira, sai ta ja ƙofa ta rage murya.

To, ashe haka ne. Likita ya faɗa mata, shi an mai da shi yaro.

Ya daina zuwa hira. Da safe sai ya zauna a bakin gado yana matsa gwiwar, yana tsikarar yatsunsa ya ji ko suna nan. Ciwon da ya saba da shi ya koma ba shi tsoro. Sau da yawa ya buɗe baki zai tambaye ta, sai ya ga in ta amsa, magana ta tabbata.

Ita kuwa ba ta fasa shayar da daɓen ba. Tana dafa bango, tana yayyafa ruwa da kofi. Wata yamma bokitin ya suɓuce mata, ta tsaya tana kallonsa a ƙasa.

"Baban yara, zo ka kama mini."

Ya kama, ransa a ɓace. Wato ana so ya motsa ƙafa tun tana motsuwa. Daga ranar shi ke ɗibar ruwan, ita tana kan kujera tana nuna masa inda buhu ya bushe. Ga shi yana jiƙa hanyar da za a tura shi a kai.

Ranar da aka yaye buhunan, daɓen ya fito toka-toka, babu tsaga ko ɗaya. Magini ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya amsa da ƙara mai kauri. Tela ta yi murmushi, ta ce ta gaji, ta shiga ciki.

Direba ya ja magini bakin get.

"Ɗana, kada ka ɓoye mini. Don keken guragu aka yi wannan?"

Magini ya sunkuyar da kai. "Eh, Baba."

"Ta faɗa maka yaushe ƙafafun nawa za su daina?"

Magini ya ɗago, ya dubi ƙafafun tsohon, ya dubi fuskarsa.

"Naka kuma? Ni dai abin da Mama ta ce, in kwantar da gangaren sosai, don wanda zai riƙa tura ta yana fama da ciwon gwiwa."