Jakar Buhun Taki

Sati uku bayan rikicin garinmu Kafanchan, Mama ba ta zuwa ko'ina sai coci. Ran nan ta ɗauko jakar cefanen da ta ɗinka da buhun taki, mai ƙamshin citta. Muka taka zuwa kasuwa, na riƙe hannun jakar ɗaya, ita ɗaya.

Malam mai tumatir, wanda muka saba saye wurinsa, ya miƙe tun muna nesa.

"Maman Ladi! Jakar nan na fara hangowa. Ashe kuna lafiya!"

 Mama ta buɗe masa jakar kawai, ya yi ta zubawa bai auna ba.

Har yau ba na karɓar leda. Wa zai hango leda ya gane ka?