Wanda Ya Ji Kunyar Sunan Makarantarsa

Kai da kake ƙorafin makarantarku ba ta da suna, gyara zama ka ji. An yi wani magidanci da ya gama wata 'yar kwalejin koyon kiwo a bayan gari, irin wadda in ka yi gyangyaɗi a mota sai ka wuce ta. Kunyar sunanta yake ji ƙwarai. Ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, ga cikin matarsa ya tsufa, ga buhun masara ya kai gindi. Da ya ji wani mai gonar kaji na neman ma'aikaci, sai ya tafi da niyyar ko an tambaye shi inda ya yi karatu, ya yi ta kwana-kwana.

A ƙofar gonar akwai bahon ruwan magani da ake tsoma takalmi, don kada a shigar wa kaji cuta. Ruwan ya ƙafe, mutane na ta tsallakewa abinsu. Shi kuwa ƙafarsa ta ƙi, domin a makarantarsu ko shugaba bai isa ya tsallake ba. Ya tsaya cikin rana, ya ce wa maigadi ba zai shiga ba sai an zuba sabo. Ashe mai gonar na kallo daga rumfa. Ya taso, bai nemi takarda ba, ya ambaci sunan kwalejin, ya ce, "Malam, can ka yi karatu, ko?" Mutumin ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Mai gonar ya yi dariya, ya gaya masa cewa wata mata 'yar kwalejin ta taɓa yi masa aiki, ta hana shi shiga gonarsa da takalmin kasuwa, har ya fusata ya kusa korarta. Shekarar da murar tsuntsaye ta share gonakin yankin, tasa ce ta tsira. Ya ce, "Tun daga nan, ɗan makarantarku ba ya zuwa ƙofata ya koma haka. Gobe ka fara."

Wallahi matar nan tana burge ni. Mutumin bai taɓa ganinta ba, ko sunanta bai sani ba, amma taurin kanta ne ya ɗora tukunya a gidansa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko.