Gwiwar Kaka

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko gaisuwa nauyi take min.

Yayana ne ya kai ni ƙungiyar motsa jiki ta unguwarmu, masu taimakon tsofaffi. Ya ce wata tsohuwa mai ciwon gwiwa na neman mai zagayawa da ita kullum da safe, in ba a samu ba ƙafar za ta riƙe. Na yarda, tunda da tsohuwa ba sai na yi surutu ba.

Kaka, kamar yadda kowa ke kiranta, takan dafa kafaɗata, sanda a ɗaya hannun. A kowane shago sai ta tsaya tana haki.

"'Yar nan, numfashina ya ƙare. Gaishe min da tela."

Na gaida tela. Na gaida mai wanki. Har rigima na yi da mai kayan miya a madadinta.

Ranar taron ƙungiya, shugabarmu ta ce akwai kyauta ga wanda ya fi kowa ƙoƙari. Na gyara mayafi, ina shirin miƙewa.

"Kaka ce," in ji ta. "Ita ta fito mana da yarinyar nan da ta shekara a ɗaki ba ta kula kowa."

Kaka ta miƙe, ta haye matakala da sauri, ta manta sandar a kujera. Yayana ya kama kallon silin.

Washegari na isa gidanta da sassafe.

"Kaka, ɗaura takalmi. Yau gudu za mu yi."