Motar da Ba Ta San Rami Ba

Tunda ka ce motocin yanzu sun hutar da tsofaffi, gyara zama ka ji. An yi wani dattijo da ya shekara arba'in yana tuƙi, har tsufa ya ƙage masa wuya, waiwaye ya gagare shi. Kullum in zai fito da baya, sai tsohuwar matarsa ta tsaya a ƙofar gida tana ɗaga hannu, tana "zo, zo, tsaya!" Duk da haka sau biyu yana gaisawa da katangar maƙwabci. 'Ya'yansa suka haɗu suka sayo masa mota mai idanu a gindi, wadda ke tsuwwa kamar ɗan tsako in ta kusanci abu. Suka kuma gindaya masa sharaɗi: in ya sake bugun wani abu, makulli ya bar hannunsa ke nan. To, motar ta yi rana. Ta ceci akuya, ta ceci turmi, ta ceci tulun mai koko. Dattijo ya sallami matarsa daga aiki, ya ce ya samu mai gadin da ba ya gori. Madubi ma ya daina dubawa, sai dai ya ɗaga gilashi ya kasa kunne.

Ana nan, ya kira magina su yaɓe katangar nan da ya illata. Suka haƙa rami a gefen ƙofa, suka kwaɓa ƙasa a ciki. Washegari ya shiga mota da farar babbar riga zai je ɗaurin aure, ya sa ribas. Matar ta fito tana kaɗa hannu biyu, har ɗankwali ya faɗi; shi kuwa ya ji mota shiru, ya ƙara taka mai. Ashe ita motar abin da ke tsaye take gani, ba a koya mata rami ba. Sai ga dattijo kishingiɗe yana kallon sama, taya biyu cikin laka, motar ba ta ce uffan ba. Matar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, mai gadin naka barci ya yi?" Ya roƙe ta kada yara su ji, tunda ai ba bugu ya yi ba, faɗawa ya yi. Ta yarda, amma tun ranar makulli a bakin zaninta yake kwana, kuma ba ya fita sai ya ga hannunta a madubi. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.