Modu Ya Faɗi, Yana Jira

Har yau warin hayaƙin janareto yana mayar da ni shagon gem ɗin bayan kasuwar Azare. Ni da Modu ne, yaron da iyayensa suka gudo daga Borno, muna tsare wani gida a talabijin. A gem ɗin, gawawwaki masu tafiya ke kawo hari ayari-ayari, kowanne ya fi na baya yawa. In abokinka ya faɗi, sai ka ruga ka ɗaga shi kafin jininsa ya ƙare.

Modu ya faɗi, yana kirana, "Zo mana, zo!" Sai na ji an damƙi kunnena. Baba ne.

Na ɗauka faɗan gem zai yi. Ko talabijin ɗin bai kalla ba. Ya nuna Modu da baki, ya ce, "Mutanen can, ka san abin da suka zo da shi? Kada in sake ganin ku tare."

Modu ya durƙusa, "Ina wuni, Alhaji." Baba ya ja ni da kunne muka fice.

Yanzu Baba ya tsufa. In ya yi baƙi, yakan ba su labarin yadda muka karɓi 'yan gudun hijira hannu bibbiyu. Ni dai tashi nake in bar zauren.