Jinjirin Watan Malam Abdulbaƙi

Kwana uku Zulai ta yi tana kokawa da madubin hangen nesan nan a bayan gidansu na Paikon Kore. Ta saita shi kan ƙarfen sabis, sai ga ƙarfe ƙafa a sama, kai a ƙasa. Ta kira mai shagon a Wuse ta wanke shi tas. Ya bari ta huce, sannan ya ce haka kowanne yake, madam, ba don kallon gari aka ƙera shi ba.

Saboda babanta ta saye shi. Shekara talatin idon Malam Abdulbaƙi ne ke fara tsinto jinjirin watan azumi a garin, liman ya kai labari gaba. Bara da bara waccan bai gani ba. Ya ce hayaƙin janareto ne da fitilun Gwagwalada suka ɓata sama. Mutane kuwa, ka san bakin mutane, suka fara cewa ido ya tafi, bana a sa Musbahu tela. In ta ɗauko zancen asibiti, sai ya ce ta kai masu tsegumin. To, ita ma so take ta rufe musu baki.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban suka hau tudun makaranta da magariba, yana dafe da kafaɗarta, wai gwiwa. Jama'a sun cika. Ta kafa madubin, ta nemi jinjirin ta rasa. Ta murɗa, abu ya ƙara dushewa, ga jinjirin wata ba ya jiran kowa, jim kaɗan ya faɗi. Musbahu na gefe yana murmushin mugunta. Can dai ta kama shi, siriri kamar yankan farce.

"Baba, zo maza. Kar ka taɓa, ido kawai za ka sa."

Ya lalubo bakin madubin, ya sunkuya, ya daɗe.

"Alhamdulillahi. Ga shi nan zaune kamar ƙwarya, baki a sama, tana jiran fura."

Aka yi kabbara. Musbahu ya bi saitin bututun madubin da ido zalla, shi ma ya hango watan, yadda Malam ya faɗa ɗin. Ya zo ya durƙusa ya ce a yafe masa.

Zulai ta sake sa ido, ta daɗe a sunkuye don kar a ga fuskarta. A cikin madubin ƙwaryar a kife take, kuma duk mai idon da ya leƙa haka zai gan ta.