Mai Gyaran da Ya Yi Tari

Tun da kamfanoni suka sallami ma'aikata suka zuba na'urori, kowa a Funtuwa ya sani: duk mai gyaran kwamfutar da ya kira ka, ka ji numfashinsa, ɓarawo ne.

Wannan har tari ya yi.

"Hajiya, ina wuni? Kwamfutarki ta samu matsala. Karanto min lambar sirrinki in gyara miki."

Hajiya Ladidi ta dubi kwamfutar, lafiyarta lau. Rabonta da muryar mutum tun ƙaramar salla. 'Ya'yanta ma na'ura suke sawa ta gaishe ta.

"Ɗan nan, lamba kam ba za ka samu ba," in ji ta. "Amma tarin nan, ka sha citta kuwa?"

Ya katse kiran. Ta daɗe da wayar a kunne.